Saƙon Godiya Bayan Ziyarar Ikkilisiyoyin Karkarar Maraɗi

Muna gaishe da 'yan'uwa duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. A madadin ayarin mutum 11 da ikkilisiyarmu ta aika daga Kano zuwa ƙauyukan jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, ina sanar da ku cewa mun iso gida lafiya ranar Talata da yamma, bayan kwana 9 da muka yi muna zagaya majami'u 7. Yabo ya tabbata ga Allah wanda ya kiyaye fitarmu da shigarmu, musamman tsakanin Katsina da Jibiya, hanyar da kowa ya san halin da take ciki, har muka ƙetare iyaka a Ɗan Isa ba tare da wani abin tashin hankali ba.

Muna godiya ga dattawan ikkilisiya da suka amince da tafiyar, da zumuntar mata da ta tara zannuwa da sabulu da magunguna, da matasan da suka yi baiko na musamman domin kuɗin mai. Muna kuma godiya ga shugabannin ikkilisiya na Maraɗi da suka tarbe mu, suka haɗa mu da ɗan jagora, suka kai mu muka ga makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tsibiri da asibitin Danja, inda aka daɗe ana kula da masu cutar kuturta.

Amma godiyar da ta fi yi mana nauyi ta masu bishara ce na ƙauyuka da matansu. Aikin bishara a ƙasar ya daɗe, domin tun 1924 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka a Zinder, asibitinsu na Galmi kuma yana aiki tun 1950. Sai dai wanda ke riƙe da majami'ar ƙauye a yau manomi ne kamar kowa, da gonarsa yake ci da iyalinsa. Mun sauka wurin wani dattijo da ke kula da ƙauyuka 4 a kan keke, wanda ranar Lahadi yakan fara sujada a ƙauye na farko tun rana ba ta yi zafi ba, ya ƙare a na ƙarshe da fitila. Majami'arsa ɗakin laka ce, kujerun kuwa kututtura. Ya buɗe rumbunsa aka sussuka gero dominmu, Mama matarsa kuma ta dama fura ta tuƙa tuwo har sau uku, da muka ciro kuɗi sai ya ce, “'Ya'yana, ku mayar, baƙon da ya zo da sunan Ubangiji ba ya biyan kuɗin tuwo.” Baba, mun gode, Allah ya ƙara maka ƙarfi.

A wurinsa ne kuma muka gane kuskurenmu. Mun ɗauko kwali-kwali na Littafi Mai Tsarki, muna ganin mun cika guzuri, tunda an fassara shi gaba ɗaya da Hausa tun 1932, ashe a wata majami'ar mutum 3 ne kaɗai ke iya karanta shi. Yara kan je lakwal, kamar yadda suke kiran makaranta, amma akasari da Faransanci ake koyarwa, tsofaffin da suka iya karatu kuwa ido ya fara yi musu rauni. Da mun tambaya kafin mu taso, da littattafan koyon karatu da tabarau muka fi ɗauka.

Ba za mu manta da mai garin da motarmu ta kafe cikin yashin gulbi kusa da ƙauyensa ba. Musulmi ne, ya kuma san abin da ya kawo mu, duk da haka ya turo samari da shanun amalanke suka fitar da mu, sannan ya ba mu masauki a zaurensa. Ranka ya daɗe, Allah ya saka da alheri.

Ranar Lahadi mai zuwa bayan sujada za mu ba da cikakken rahoto tare da lissafin kuɗin da aka kashe. Duk mai tabarau na karatu da ba ya amfani da shi, muna roƙo ya zo da shi.

Sakataren Kwamitin Bishara