Kwana huɗu a kan keke zuwa Gembu

Alhamdu lillahi, na sauko daga tsaunin Mambila lafiya. Kwana 4 ni da kekena, daga Serti har Gembu, ba ɗan jagora, tanti da garin kwaki ɗaure a kariya.

Hawan da ke gaba da Mayo Selbe ne ya gasa mini aya a hannu. Hanya sai murɗewa take, har na sauka ina tura keken, numfashi sama-sama.

Daren da na kafa tanti kusa da Nguroje kuwa, sanyi ya hana ni runtsawa. Da asuba yatsuna sun ƙi riƙe buta. Sai ga wani dattijo Bafulatani cikin hazo da ƙwaryar madara mai ɗumi, ya ce, "Ungo, ɗana, sha." Wallahi sai da na yi ƙwalla.