Daga Kolombo zuwa Galle, teku na hannun dama

Wani dattijo da muka bi layin yankan tikiti tare a tashar jirgin ƙasa ta Fort da ke Kolombo, a ƙasar Sri Lanka, shi ne ya ce mini, in dai kudu na nufa, in nemi kujerar hannun dama. Allah ya saka masa da alheri.

Ko gari ba mu gama fita ba sai ga Tekun Indiya a gefen dogo. Kafin Mount Lavinia akwai wuraren da 'yan duwatsu ne kawai tsakanin jirgi da ruwa. Igiyar ruwa ta daki dutse, feshin ya shigo ta taga, na lashi leɓe na ji gishiri. Ƙofofin tarago a buɗe suke, samari sun riƙe ƙarfe suna shan iska. Mai talla ya ratsa da kwando yana "wade, wade", wani soyayyen ƙulli mai yaji da aka manna wa jatan lande. Na sayi uku, ya naɗe mini a takarda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutanen da ke zaune a ɗan siririn filin nan tsakanin dogo da teku. Wata mata tana shanya, ko ɗaga kai ba ta yi ba da muka wuce dab da igiyarta. Masunta suna jan koma, yara na ɗaga mana hannu daga gindin kwakwa. A Kalutara muka haye kogin Kalu, ga farar ƙubbar 'yan addinin Buddha a bakin gada.

Gab da Hikkaduwa sai maƙwabcina ya taɓa ni, ya nuna waje, ya ce nan ne Peraliya. Na san labarin, amma ganin wurin daban ne. Ranar 26 ga Disamba, 2004, a nan ambaliyar tsunami ta riski jirgin da ya taso daga Kolombo a kan wannan layin. Bayan igiyar farko, mutanen ƙauye suka ruga wajen jirgin suna ganin nan ne mafaka, sai ta biyu ta zo ta kifar da taragun. An ƙiyasta mutum sama da 1,700 suka rasu. Na dubi ruwan da nake ta ɗauka hoto tun safe, jikina ya yi sanyi. Na mayar da wayar aljihu, na yi ta salati.

Da azahar muka shiga Galle, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai. Na taka zuwa tsohuwar ganuwar da Turawan Fotugal suka fara, 'yan Holan suka faɗaɗa, na yi salla a farin masallacin Meeran da ke kusa da hasumiyar fitila. Sai wajen alwala na lura gishiri ya bushe a kan tabarauna.