Kwalin Abijan da tsofaffin zannuwan Inna

Cikina yana wata takwas kwalin ya iso. Maigidana yana bida a Abijan kamar yawancin mazan Adar, ga shi haihuwarmu ta fari ce, sai ya zage ya yi sayayya ya ɗoro kayan a motar Tawa. Lokacin na riga na koma gidanmu goyon ciki. Ƙannena suka ɗauko shi daga tasha, muka baje a tsakar gida, maƙwabta suna shigowa kallo. Akwai keken tura jariri, da ɗan gado mai katifa da matashi da soso kewaye da shi, da bibiro, wato kwalbar shayar da jariri, guda shida, da hoda, da riguna masu leshi, da takalma ƙanana, har da keken koyon tafiya.

Inna ta duba su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Allah ya yi mishi albarka. To, ina zannuwa?"

Maganar ta sosa min rai, don na san irin wahalar da ya sha kafin ya tara kuɗin. Amma ita tuni ta fitar da tsofaffin zannuwanta na atamfa guda goma sha biyu, waɗanda suka sha wanki har suka yi laushi. Ta sake wanke su, ta shanya a rana, ta goge, ta ninke cikin kwalla ta rufe.

Su ne farkon abin da ya taɓa jikin ɗiyata. Na haihu cikin Satumba, da asuba. Malamar da ta karɓi haihuwar ta goge ta da zane ɗaya, ta ajiye jiƙaƙƙen gefe, ta kwantar min da ita a ƙirji fata da fata, ta lulluɓe mu da wani busasshe, ta sa mata hula. Ta ce kar a yi mata wanka sai bayan awa 24, domin sabon jariri saurin yin sanyi gare shi ko da manya suna gumi, kuma kai ne babban wurin da ɗumin yake fita. Rigar leshin da na zaɓa don ranar ko fitowa daga jaka ba ta yi ba. Da muka gwada ta ranar suna, ɗinkin wuyan ya goge mata fata ya yi ja, muka cire kafin azahar.

Sabuwar atamfa ƙarfi gare ta, ba ta shan ruwa, wata ma tana zuba. Tsohuwa kuwa tana tsotse fitsari da tumbuɗi nan take, ga saurin bushewa. Da zannuwan nan muka yi shimfiɗa, da su muka yi tawul, da su nake tare nono idan ya zubo. Huɗu daga ciki Inna ta yayyaga ƙanana aka yi nafkin. Kush, wanda wasu ke kira pampas, na dare ne da na zuwa asibiti kawai, domin a zafin ƙarshen damina idan ya daɗe a jiki sai matsematsinta ya yi ja. Kuma wanda ya sayi ƙaramin lamba da yawa ya yi asara, mu cikin sati uku ya matse ta. Akwai wani amfani da nafkin ɗin zane ya yi min wanda ban zata ba. Ina yawan fargabar nonona bai ishe ta ba, sai Malama ta ce in riƙa ƙirga wanda ta jiƙa: daga kwana 5 zuwa sama, idan ta jiƙa 6 ko fiye a yini da dare, tana ƙoshi. Na riƙa ƙirga su a kan igiyar shanya, hankalina ya kwanta. Abokan aikin zannuwan su ne roba biyu, ɗaya ta wankan jaririya ita kaɗai ɗaya ta wanki, da bokiti mai murfi na tara masu kashi, da sabulu marar ƙamshi.

Sai sange, wato gidan sauro. Wanda aka ba ni a wurin awon ciki, mai magani, shi ne abin da ba zan yarda wata mai jego ta kwana babu shi ba. Satumba a nan lokacin sauro ne sosai, ruwa kwance a kowane lungu. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara da damina daga ɗan wata 3 yake farawa zuwa wata 59. Jaririn da ke cikin arba'in ba ya ciki, ba shi da wata kariya sai sangen nan. Tun la'asar sakaliya nake sauke shi in cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, in duba ko akwai ɓula in ɗinke. Maganin sauro mai hayaƙi da na fesawa duk na hana a ɗakin. Wata ƙawata ta kawo min ƙaramin sange mai buɗewa kamar lema, ya yi amfani da rana idan an kwantar da ita a rumfa saboda ƙuda, amma ba shi da magani kuma iska tana ɗaga shi, ban taɓa dogara da shi da dare ba.

Gadon Abijan ya yi aiki, amma sai da na tuɓe shi. Malama ta ce a cire matashin, da soson da ke kewaye, da ƴar tsanar da aka haɗo, domin jariri ba ya iya janye fuskarsa idan abu mai laushi ya toshe masa hanci. Katifa mai ɗan tauri, zane ɗaya a ɗame a kai, a kwantar da ita rigingine. Inna ta yi gardama a nan, ta ce mu duka a kan ciki ko a gefe ta kwantar da mu, kuma tana tsoron tumbuɗi ya shaƙe ta. Sai da muka koma asibiti tare ta ji da kunnenta cewa jariri mai lafiya yana haɗiyewa ko ya yi tari ya fitar da shi waje, kuma kwanciyar rub da ciki ce aka fi samun mutuwar barci a cikinta. Daga ranar ita ce mai gyara wa baƙi idan sun kwantar da ita ba daidai ba. Gadon ƙarami ne, muka jingina shi da nawa, sange ɗaya ya rufe mu.

A kan cibi aka fi daɗewa ana ja-in-ja. Gwaggona, wadda ita ke yi min wankan jego, ta zo da kaskonta na gashin cibi da man shanu. Wata kuma ta ce man goge baki ya fi saurin cire shi. Ni kuwa an rubuta min wani magani, chlorhexidine, aka ce in wanke hannu da sabulu in shafa sau ɗaya a rana har kwana 7, in bar wurin a buɗe ya sha iska, in naɗe bakin nafkin ƙasa da shi. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, wannan ɗaya ki bar min. Sauran duk yadda kika ce." Ta yi shiru, ta ajiye kaskon. Cibin ya faɗi a kwana na takwas, a bushe, ba wari. Ana cewa tsakanin kwana 5 da 15 duk daidai ne, gaggawar cire shi ce ke sa mutane shafa abin da ke shigar da cuta. Mai amfani da wannan magani ta kula da abu ɗaya ƙwarai: wani yana zuwa a ƴar kwalba mai kama da ta maganin ɗigawa a ido, kuma idan ya shiga ido yana makantarwa. Nawa na ɗaura masa jan zare na ajiye shi shi kaɗai.

Abubuwa biyu na saya da kaina a nan Tawa, duka biyun ba su kai kuɗin takalman cikin kwali ba ina jin: fitila mai caji da ma'aunin zafin jiki irin na sawa a hammata. Fitilar kullum tana aiki, domin jariri yana shan nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, rabin wannan cikin duhu ne, kuran, wato wutar lantarki, kuma ba shi da tabbas. Ma'aunin kuwa sau ɗaya ya yi babban aiki.

Daren kwana na goma sha uku ne. Ta ƙi kama nono tun bayan isha'i, ta yi laƙwas, kukanta ma ba ƙarfi. Wuta ta ɗauke. Na taɓa goshinta, ban iya rarrabe zafinta da zafin ɗakin ba. Inna ta taɓa ta ce da ɗan ɗumi, a bari gari ya waye, ko a ɗiga mata sirop ɗin zazzaɓi na ɗan maƙwabta. Na kunna fitila na sa ma'aunin, ya nuna 38.3. A bayan karnenta, wato katinta na asibiti, Malama ta rubuta min da biro tun ranar sallama: 37.5 ko sama, 35.5 ko ƙasa, ƙin nono, numfashi da sauri, jijjiga, tafin hannu ya yi ɗorawa, cibi ya yi ja ko ruwa, a zo ko ƙarfe nawa ne, kar a ba da magani a gida. Na nuna wa Inna lambar na karanta mata rubutun. Ba ta ƙara cewa komai ba, ta ɗauki mayafinta.

Lambar wani mai adaidaita na unguwarmu tana cikin wayata, wayar da caji, kuma akwai jika goma da na ƙulle a ƙasan akwati ban taɓa ba ko ranar suna. Tun 2006 aka ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitocin gwamnati a nan Nijar, amma kuɗin abin hawa cikin dare da maganin da za a iya rubuta maka ka sayo a farmasi duk daga aljihunka ne. Aka kwantar da mu kwana biyar ana yi mata allurai. Likitan ya ce cutar da ke shiga jinin jariri ba ta jiran safiya. Har yau idan na tuna daren nan jikina sanyi yake yi, kuma ina gode wa Allah da ya sa na sayi ɗan abin nan.

Bibiron shida suna nan cikin ledarsu. An matsa min in ba ta ruwa saboda zafi, na ƙi, domin nono da kansa fiye da kashi 80 cikin 100 ruwa ne, kuma wata 6 ake so jariri ya yi a kansa zalla. Dakashin farko ma ban matse na zubar ba. Abin da shayarwa ta buƙata na uwa ne: matashi a baya da wani a cinya, tarmus cike da kunu, goran ruwa kusa da hannu, riguna masu buɗewa ta gaba, da kunzugu mai yawa don jinin biƙi. Babu ko ɗaya a cikin kwalin, ni ma ban tuna da kaina ba lokacin lissafi. Itacen wankan jego na kwana arba'in kuwa ya ci kuɗi fiye da duk tufafin yarinyar. Kunun kanwa na rage masa kanwar sosai, domin jinina ya ɗan hau a ƙarshen ciki kuma an gargaɗe ni.

Hoda na daina bayan kwana biyu da na ga ƙurarta tana tashi kusa da hancinta, man kaɗe kaɗan ya wadatar. Kwalli kam an fi ƙarfina ranar suna, an sa mata, daga baya na ɓoye tandun, domin yawancin kwallin dutse akwai dalma a cikinsa. Keken turawa mun fitar da shi sau ɗaya, ƙafafunsa suka nutse a yashin ƙofar gida. Zane da majanyi suka maye gurbinsa bayan cibi ya warke, Inna tana tsaye a bayana tana koya min yadda zanen zai tallafi ƙeyarta, fuska a juye gefe, hanci a buɗe. Da goyon na kai ta rigakafin sati 6, kwana biyu bayan mun yi arba'in, karnen cikin leda saboda gumi. Keken koyon tafiya ban ba kowa ba, ban kuma sa ta ciki ba da ta girma. Yara suna kifewa da shi, suna kaiwa ga murhu da ruwan zafi kafin a ankara, har ƙasar Kanada ta hana sayar da shi tun 2004.

Yanzu ƙanwar maigidana da ke aure a Yamai ce ke da ciki wata bakwai. Maigidana ya kira ni shekaranjiya yana tambayar abin da zai aiko mata. Na ce ya turo kuɗin kawai, ta ware wani ta ƙulle, ta sayi ma'aunin zafi da fitila da roba biyu da hula uku, in da hali ta ƙara da fanka mai caji tunda haihuwarta za ta faɗo cikin Afrilu. Gadon zan aika mata ba matashin. Zannuwan Inna takwas suka rage, na ƙara da huɗu nawa da suka yi laushi, suna kan igiya, gobe zan goge su in kai tasha.