Abin da Masu Wasa Suka Koya Mini a Kan Labarin Komawa Baya

Sau biyu ina ajiye wasan kwamfutar nan Steins;Gate kafin in kai ƙarshensa. Karo na farko ina aji biyu a jami'a, wani abokina ɗan Runjin Sambo ya zuba mini shi a laftof, ya ce in dai ina son labari to in daure. Na daure kwana uku. Abin da nake gani kawai wasu matasa ne a wani ɗaki, a saman shagon tsofaffin talabijin a unguwar Akihabara ta birnin Tokyo, suna ta surutu, suna saka ayaba cikin na'urar ɗumama abinci tana fitowa koriya ta yi laushi. Na rufe, na koma ƙwallona.

Ga wanda bai san irin wannan wasa ba, babu gudu a cikinsa, babu harbi. Karatu ne. Hoto a allo, rubutu a ƙasa, murya da kiɗa a kunne, ka danna ka ci gaba, jefi-jefi a ba ka zaɓin da zai karkata labarin. Ni wasan labari nake kiransa. Steins;Gate ya fito a Japan a 2009 a kan na'urar wasa ta Xbox 360, kamfanonin 5pb. da Nitroplus suka yi shi. A 2011 aka mayar da shi katun mai kashi 24, wanda ta nan yawancin mutanenmu suka san shi, sai a 2014 fassarar Turanci ta kwamfuta ta fito. Jaruminsa Okabe Rintaro, da shi da abokansa, sun gano cewa in suka haɗa waya da waccan na'ura, za su iya tura gajeren saƙo zuwa kwanakin da suka wuce. Saƙon ba ya wuce haruffa 36, amma kowane ɗaya yana sauya duniyar da suke ciki.

Duk inda masu wasan suke hira a intanet, magana biyu ce ke maimaituwa. Ta farko, farkonsa yana da jan ƙafa. Ta biyu, kada ka kuskura ka bari. Sau da yawa mutum guda ne ke faɗin duka biyun. A lokacin na ɗauka son zuciyar masoya ne kawai, kowa na kare abin da yake so. Sai da na zauna yin nawa wasan na gane ba haka ba ne.

A shekarar ƙarshe na zaɓi in yi wasan labari da Hausa a matsayin furojet. Na yi amfani da Ren'Py, manhaja ce ta kyauta da aka gina a kan harshen kwamfuta na Python, kuma tana fitar da wasa ya hau wayar Android, wanda shi ne abin da ya fi damuna, domin a Sakkwato waya ce a hannun kowa, laftof kuwa sai ɗaiɗaiku. Labarin na ɗora shi a kan ambaliyar 2010, wadda ta cinye gonaki da gidaje a gaɓar gulbin Rima, ta karya gadar da ke kai mutane jami'a har sai da aka koma tsallakawa da kwalekwale. Wani saurayi ne ya tsinci tsohuwar Nokia da ke tura saƙo baya da kwana uku, ƙanwarsa kuma na cikin waɗanda ruwa ya tafi da su. Ban ɓoye wa malamin da ke duba aikina inda na samo dabarar wayar ba. Ya ce, "Ba laifi, amma ba wasan zan ba maki ba. Ka kawo mini shaidar yadda mutane suka karɓe shi."

Na tsara takardar tambayoyi, a ba da maki daga 1 zuwa 5, na raba wa 'yan ajinmu da wasu 'yan unguwarmu a Mabera. Amsa ta dawo kusan baki ɗaya: farkon ya yi tsawo. Gaskiyarsu. Kusan minti arba'in mai wasa zai yi yana bin yarinyar nan tana kai wa yayanta fura a shago, tana roƙonsa kuɗin littafi, suna faɗa a kan rediyo, ba abin da ya faru. Ni kuma ina son maki, ina son a ce na saurari jama'a. Na sa almakashi na yanke, na bar minti shida. Ruwa ya zo da wuri, waya ta fito da wuri.

Zagaye na biyu maki ya tashi. Na yi murna har na fara rubuta babin sakamako. Rannan muna zaune a gindin dogon yaro bayan la'asar, zafin watan Afrilu ya hana kowa shiga ɗaki, sai na ga wani ɗan ajinmu yana bugawa. Ya kai wurin da aka zo da labarin rasuwar, wurin da na kwana uku ina gyara jimlolinsa. Babban yatsansa bai ko rage sauri ba. Ya ɗago ya ce, "Wai wace ce tam mutu? Budurwatai ko ƙanwatai?" Wannan mutumin maki 5 ya ba ni.

A daren na koma Steins;Gate karo na uku, kuma wannan karon na kai ƙarshe. Wanda ke da niyyar bugawa ya yi mini afuwa, dole in taɓa tsakiyar labarin. Akwai Mayuri, yarinyar da suka taso tare da Okabe, wadda a duk waɗancan awannin da na kira ɓata lokaci ita ce ke shigowa da fara'a, tana ɗinki, tana cin soyayyar kaza, ba ta gane komai a lissafinsu. A tsakiyar labarin aka kashe ta. Okabe ya koma baya ya gudu da ita, ta mutu ta wata hanya. Ya sake komawa, ta sake mutuwa. Na tsinci kaina ƙarfe biyu na dare, an ɗauke wuta, cajin laftof saura kaɗan, ina danna maballi da sauri ba don gundura ba, don ina neman mafita tare da shi. Ashe waɗancan ranaku na surutu da ayaba su ne jarin. Ba za ka damu da a maido maka abin da ba ka taɓa zama da shi ba.

To amma 'yan zagayen farko ba ƙarya suka yi ba, sun gaji da gaske. Nan ne na daɗe ina juya abin. Mai wasa kamar marar lafiya ne a gaban likita: in ya ce nan ke yi masa ciwo, ka yarda da shi ɗari bisa ɗari, amma in ya ce a cire wurin, sai ka tsaya ka duba. Da na sake nazarin Steins;Gate sai na lura ko a wuraren da ba abin da ke faruwa, hannun mai wasa ba a banza yake ba. Wayar Okabe na nan, ana kira ka ɗauka ko ka ƙi, saƙo na shigowa ka zaɓi kalmar da za ka mayar da amsa a kanta. Ƙarshen labarin iri shida ne, kuma na gaskiyar ba ya buɗewa sai ka amsa wasu saƙonnin Makise Kurisu, wata matashiyar masaniyar kimiyya a cikin labarin, ta hanyar da ta dace, abin da ya sa da yawa sai sun nemi jagora a intanet. Wannan ɓangaren ban yaba masa ba, domin ɓoye hanya har mutum ya kasa gano ta da hankalinsa zalunci ne ga mai wasa. Haka nan akwai barkwancin da bai dace da tarbiyyarmu ba, wanda ya sa ban miƙa wa ƙanwata shi ba. Amma dabarar ba hannu aikin yi yayin da zuciya ke sabawa da mutane, wannan na ɗauka.

Na maido da furar, na maido da faɗan rediyo, na tsaya a wajen minti ashirin da biyar. Sai dai yanzu mai wasa ne ke zaɓa: ya ba ta kuɗin littafin ko ya ce sai gobe, ya amsa kiranta yana cikin ciniki ko ya kashe. Babu ɗaya daga cikin zaɓin nan da ke sauya zuwan ruwa. Na kuma daina dogaro da takardar tambayoyi ita kaɗai, na sa wasan ya riƙa rubuta a wani fayil tsawon lokacin da mutum ya yi a kowane shafi, da sanin masu bugawa. Bakin mutumin Sakkwato yana da kara, ba zai dube ka ya ce aikinka bai yi ba, balle yana cin tuwon gidanku. Yatsansa kuwa ba ruwansa da kara.

Wani abin ma sai a fayil ɗin na gan shi. Ren'Py na da hanyar komawa baya, in ka yi zaɓin da bai yi maka ba ka ja da baya ka sake. Mutane suna ta amfani da ita, sun mallaki tasu na'urar komawa baya a wajen labarin, wadda ba ta cin kuɗi ba ta cin rai. Na toshe ta a duk wurin da ake tura saƙo. An yi mini faɗa sosai. Ƙanwata ta shigo ɗakina riƙe da waya, ido ya yi ja, ta ce, "Yaya, don Allah ka buɗe min, ni na hana ta kuɗin littahin, kuma ga shi ba ta nan." Ban buɗe ba. A zagayen baya ba wanda ya tuna akwai wani littafi.

Maganar da ta fi tsaya mini kuwa ba daga ɗan kwamfuta ta fito ba. Wani yayanmu a unguwa, wanda ya karanta Nazarin Addinin Musulunci, ya buga har ƙarshe sannan ya kira ni gefe bayan isha'i. Bai ce haramun ba ne, ya san tatsuniya ce. Abin da ya ce shi ne in lura da abin da nake shukawa, ya kawo mini hadisin Abu Huraira da ke cikin Sahihu Muslim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum in musiba ta same shi ya ce da na yi kaza da kaza ya faru, sai dai ya ce Allah ne ya ƙaddara, abin da ya so shi ya aikata, domin "da" tana buɗe aikin shaiɗan. Ya ce, "Wanga wasa naka, tun daga farko har ƙarshe 'da' ce."

Na rasa abin cewa, domin ya faɗi gaskiyar duk wani labarin komawa baya. Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take, mu kuma masu irin wannan labari aikinmu shi ne mu juyo wa mutum ƙeyarsa ya kalla. Na ba shi labarin Mayuri. Ya yi shiru, sannan ya ce ai wannan ajali ne, in ya zo ba dabara. Daga baya na lura duk ɗan Sakkwaton da na san ya buga ko ya kalli Steins;Gate haka ya karanta wannan wuri, alhali labarin ya yi masa bayanin kimiyya mai tsawo a kan layukan duniya da ke haɗuwa a wuri guda. Su ba su buƙaci bayanin ba, sun zo da nasu daga gida. Shi ya sa ma wasu ba su ji daɗin ƙarshen da aka ceci kowa ba, suka ce an yi wa labarin alfarma.

Ban jefar da wasan ba. Na koma na karanta hadisin daga farkonsa, na ga kafin hana "da" an ce mutum ya yi kwaɗayin abin da zai amfane shi, ya nemi taimakon Allah, kada ya gajiya. A kan wannan na sake ƙarshen. Duk saƙon da saurayin ya tura don hana ƙanwarsa zuwa bakin gulbi, ba ya hanawa. Saƙo na ƙarshe ya rage, mai wasa ya zaɓa: ya sake gwadawa, ko ya tura wa kansa na kwana uku da suka wuce cewa ya rufe shago ya je gida ya zauna da ita, ya ba ta kuɗin littafin, ya kuma gaya wa maƙwabta su kwashe hatsi zuwa tudu. Ban nuna wanne ne daidai ba. Yayan namu ya ce ya fi, ko da yake har yau yana ganin na ba wa "da" fili fiye da kima, kuma ban iya cewa ba shi da hujja.

Na ƙarshe da ya buga kafin in miƙa aikin ɗan kawuna ne daga wajen Goronyo, wanda ruwan 2010 ya tafi da gonar gidansu da rumbunansu yana yaro. Na yi ta jinkirin ba shi, shi ya karɓi wayar da kansa. Ya zauna a zaure, ni ina daga waje. Da na duba fayil ɗin daga baya, na ga ya yi minti goma sha ɗaya a shafin saƙon ƙarshe, shafin da wasu ke wucewa cikin daƙiƙa ashirin. Da ya fito bai taɓa takardar tambayoyin ba. Ya miƙo mini waya ya ce, "Ka gyara wurin jirgin nan. In ruwa na gudu ba a miƙewa tsaye a tsallaka, sai an hau sama tukuna a bari ya kawo ka." A daren na sake rubuta wurin, na kai masa da safe ya duba kafin ya kama hanyar tasha.