Asabar a Gareji: Sirinji da Injin Datsun ɗin Kawu

Tun ƙarfe bakwai na isa gareji, don a wannan bazarar da zarar rana ta ɗaga, ƙarfe ba ya taɓuwa da hannu. Na tarar Baba ya riga ya sa yara sun share wurin, sun yayyafa ruwa saboda ƙura, sun shimfiɗa sabon kwali a kan benci. Bulok ɗin, wato gangar jikin injin da muke haɗawa, yana kife a kan katako biyu, lulluɓe da tsohon zanin gado. Sau uku aka wanke shi da kananzir tun dawowarsa daga wurin borin, inda aka faɗaɗa ramukan silindarsa. Baba ba ya yarda a haɗa inji a inda iska ke kawo yashi, ko da kuwa na a-kori-kura ne, balle wannan.

Motar Kawuna ce, Allah ya ji ƙansa, Datsun 240Z. Shekara da shekaru tana zaune a bayan gida a kan bulo, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Ina yaro yakan ɗora ni a cinyarsa ya ba ni labarin yadda irinta ta cinye tseren Safari na Gabashin Afirka a 1971 a hannun Edgar Herrmann, ta kuma sake cinyewa a 1973 a hannun Shekhar Mehta. Injinta na asali, L24, silinda shida ne a jere, cc 2,393, kamfani ya ce ƙarfin doki 151. Ruwa ya kwana a cikinsa har tsatsa ta cinye bangon silinda biyu. Da na ga dole sai an sake, sai na ce to a sake da wanda ya fi shi.

Dabarar ba tawa ba ce, masu son wannan mota sun daɗe suna yinta. Ana ɗaukar bulok na L28, babban wa a wannan gidan, wanda faɗin silindarsa milimita 86 ne, a faɗaɗa shi zuwa 89. Sai a cire karanshaf ɗinsa, wato sandar da fistin ke juyawa, mai ba fistin tafiyar milimita 79, a sa na injin gas LD28 mai 83. Wannan milimita huɗu da ukun can su ne ke kai injin cc 3,098, wato kusan lita 3.1. Karanshaf ɗin shi ya fi ba ni wuya. Wata biyar ina zarya Ƙofar Ruwa kafin a kira ni in zo in ga wani injin Laurel mai shan gas da aka farke. Da na goge baƙin man da ke jikinsa da babban yatsa na ga V07 a rubuce, sai da na zauna a kan taya na ɗan huta.

Yau da safe muka gwada shi a mazauninsa. Metal bakwai, wato ƙarafan da yake juyawa a kansu, su ne ke riƙe da shi. Baba ya jera su da hannunsa, ya yanka siririn zaren roban nan na awo ya ɗora a kan kowane, muka ɗaure da tok renci daga tsakiya zuwa gefe, muka kwance. Zaren ya baje daidai wa daida a duka bakwai, wajen milimita 0.05. Muka goge, muka shafa mai, muka sake ɗaurewa. Baba ya sa yatsa biyu ya juya karanshaf ɗin, ya tafi sumul ba ya cijewa ko'ina. Bai ce komai ba, sai ya gyaɗa kai, kuma wanda ya san shi ya san wannan yabo ne. Akwai wani ɗan ƙarfe da ya leƙo a inda filawil, faifan ƙarfen nan na bayan inji, ke zama, na injin gas ne, filawil ɗinmu ba shi da raminsa. Babban yaron garejin ya goge shi a hankali. Muka sa fistin ɗaya a silinda ta farko, na injin KA24, wanda aka riga aka sassabe kansa, a kan kwanrod na L24, wato hannun da ke haɗa shi da karanshaf. Da ya hau ƙololuwa sai ya tsaya daidai da fuskar bulok.

Bayan Azahar aka zo ga abin da ya cinye mini ranar.

Na tsaya a kemis na sayi sirinji mai cin cc 20, don in auna girman ramin da wuta ke ci in san matsin da injin zai samu. Na taho da wani ɗan gilashin roba da na huda wa ƙaramin rami. Muka kifar da tof silinda, wato murfin saman injin, N42, wanda ya zo tare da bulok ɗin, muka shafa wa bakin bawul giris, muka ɗaura fulogi, muka manna gilashin a kan ramin da wuta ke ci. Na riƙa ɗura jan man giya ta hudar a hankali, ina kallon kumfar iska tana gudu zuwa gefe, Baba yana ɗan karkata ƙarfen don ta fita. Sirinji biyu cike, sai biyar a na uku. Cc 45. Na maimaita a rami na uku da na shida, bambancin bai kai a faɗa ba.

Na zauna a inuwar darbejiya da biro da bayan kwalin fulogi. Kowace silinda yanzu tana shaƙar cc 516. Abin da ya rage a sama idan fistin ya hau shi ne 45 ɗin nan, da kusan shida da rabi na kaurin gaskit, wato 51.5. Idan ka haɗa 516 da 51.5 ka raba da 51.5, matsin ya kai kusan 11. Na Kawu daga kamfani 9 ne.

Gaskiya raina ya biya. Matsi ƙarfi ne, duk mai taɓa inji ya san haka: yadda ka matse mai da iska kafin wuta ta kama, haka za su tura fistin. Na kai wa Baba kwalin ina murna. Ya sa tabarau ya duba, ya daɗe, sannan ya ce, "Ɗana, a ina za ka tuƙa ta?"

Na ce, "A nan, Baba."

Ya ce, "To wane mai za ka ba ta? Wanda ni da kai muke saye a gidan mai, ko? Ka tsaya da ita a cunkoson Kurna ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, ka taka, za ka ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar ita ke karya gefen fistin."

Ya yi gaskiya, kuma na san dalilin. Idan matsi ya yi yawa ga man da ba zai jure ba, ga zafi, sai ragowar man da ke lungun silinda ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Maimakon turi sai ya zama duka. Za ka iya ja da lokacin wuta baya don ƙarar ta lafa, amma a nan ƙarfin da ka sha wahala a kansa yake zubewa, injin kuma ya ƙara ɗaukar zafi. Ni ba motar nuni nake ginawa ba. So nake in kama hanyar Zariya da ita bayan Asuba, in dawo ba tare da idona yana kan allurar zafi ba.

Babban yaron ya ce, "Oga, a ninka gaskit biyu mana, matsin zai sauka." Lissafinsa bai kuskure ba, zai dawo wajen 9.9. Amma Baba ya kama hannunsa ya ɗora yatsansa a kan ƙarfen da ke tsakanin silinda biyu, ya ce ya ji yadda borin ya mayar da shi siriri. A wurin nan gaskit ke fara ƙonewa, ya ce, guda ɗaya ma addu'a ake yi masa. Na ji daɗin yadda ya nuna masa da hannu maimakon ya yi masa tsawa.

Mafitar da ta rage ita ce tof silinda P90, na 280ZX mai tarbo, na farkon shekarun 1980. Raminsa ya fi zurfi, wajen cc 53 da ɗoriya, wanda zai sauko da mu kusan 9.6 da gaskit ɗaya na ƙa'ida. Ƙofofin hayaƙinsa masu kusurwa huɗu ne kamar na N42, don haka bututun salansar da na riga na saya zai zauna. Matsalar kawai ba ni da shi, kuma ba abu ne da ake tuntuɓe da shi ba. Kuɗin da na ware don kafireta uku na Weber su za su tafi can. Tagwayen kafireta na Hitachi na Kawu za su ci gaba da aiki tukuna. Dama Baba ya jiƙa su a kananzir tun makon jiya.

Kafin La'asar na kira mutumin da ya samo mini karanshaf, na karanta masa P, tara, sifili, sau biyu, na ce a gefen ƙarfen ake rubuta shi, kuma kada ya biya sai ya turo mini hoto. Ya ce zai tambayi mutanensa na kasuwar kayan mota ta Ladipo a Legas ranar Litinin.

Muka zare fistin ɗin, muka naɗe shi a jarida. Karanshaf muka bar shi a ciki. Baba ya zuba masa mai a kan kowane metal, ya juya shi sau ɗaya, ya ja zanin gadon ya rufe, ya danne gefunan da bulo saboda iskar yamma. Kwalin lissafin yana aljihun rigata, jan mai ya ɓata kusurwarsa ɗaya.