Kafin a sayi inbata, a fara lissafin kayan gida

Lokacin da na haɗa sola a gidana, hankalina gaba ɗaya yana kan yawan farantai da batir, shi ya sa ban tsaya dogon nazari a kan inbata ba, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin wadda kayan gida ke aiki da ita. Na haɗa lissafin fankoki uku, talabijin, ƙwayayen fitila da firiza, na ga duka ba su wuce wat 550 ba, sai na ɗauki inbata mai 1kVA (kVA shi ne ma'aunin ƙarfin da ake rubutawa a jikinta) ina ganin har da rara. Ba a yi kwana biyu ba ta fara ƙara tana yanke wuta duk sanda firizar ta tashi.

Kuskurena na farko shi ne ɗaukar kVA a matsayin wat. Yawancin ƙananan inbatocin da ke kasuwanninmu kashi 80 cikin 100 na abin da aka rubuta a jikinsu suke iya ɗauka, wato mai 1kVA wat 800 ce, mai 3.5kVA kuma wat 2,800. Na biyun ya fi muni, domin duk na'urar da ke da inji mai juyawa a cikinta, kamar firiza ko injin jawo ruwa daga rijiyar burtsatse, tana zuƙar wutar da ta ninka ta aikinta sau uku zuwa biyar, wani lokaci ma fiye, a daidai lokacin da take tashi. Firizar da ke cin wat 150 tana iya neman 750 cikin daƙiƙa ɗaya, alhali fankoki da talabijin sun riga sun riƙe nasu kason.

Saboda haka ina ganin hanyar da ta dace ita ce mutum ya rubuta kayan da za su yi aiki a lokaci guda, ya ƙara ƙarfin tashin mafi nauyinsu, sannan ya bar rarar kashi 20 zuwa 25. Wannan rara tana da muhimmanci a wurinmu, domin a zafin Afrilu inbata tana ɗumama, ƙarfinta ya ragu.

Sai dai ban yarda da masu cewa a sayi mafi girma a huta ba. Babbar inbata tana cin wuta ko da ba a kunna komai ba, kuma wadda ke shan wat 50 a zaune za ta kwashe wat-awa 600 daga batir cikin awa 12 na dare. Haka kuma girmanta ne ke tantance ko batir mai bolt nawa za a haɗa mata, tunda jan wat 1,000 daga batir mai bolt 12 yana buƙatar fiye da amfiya 80, abin da ke gasa waya idan siririya ce.

Daga baya na koma mai 2.5kVA a kan bolt 24, muka kuma yi yarjejeniya a gida cewa dutsen guga sai da rana tsaka, lokacin da farantai ke kan ganiyar aiki.