Abin da na koya a layin rabon masara

A ƙarshen shekarar 2014 ina aji na uku a makarantar koyon Littafi Mai Tsarki. Da a lokacin wani ya tare ni ya ce, yaya Kirista zai yi idan ana tsananta masa saboda bangaskiyarsa, da na zubo masa amsa ban ko numfasa ba. Ayoyin suna kaina. Na yi jarrabawa a kan Istifanas da Bulus da wasiƙar Bitrus ta fari, na kuma ci da kyau. A zuciyata magana ta ƙare: a tsaya daram, a gafarta, a jira lada a sama.

Ranar 29 ga Oktoba Mubi ta faɗa hannun Boko Haram. A ranar ne kuma suka shiga Kwarhi, inda hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, take. Kafin nan sun riga sun kama Gwoza da Madagali da Michika. Mutane suka yi ta kwararowa Yola, wasu da ƙafa, wasu sai da suka ratsa ta Kamaru suka zagayo. Aka tura wasunmu ɗalibai mu taimaka a harabar wata majami'a da ta cika maƙil da 'yan gudun hijira. Aikina rubuta sunaye ne, da rabon masara da tabarmi da gidan sauro, sai kuma in ja addu'ar yamma duk ranar da tsohon faston da ke kula da wurin ya gaji.

A mako na biyu ya ce in yi gajeren wa'azi. Na ɗauko labarin Istifanas, wanda aka jejjefe har ya mutu saboda bangaskiyarsa, na haɗa da maganar Yesu a Matiyu 10 cewa wanda ya yi musun saninsa a gaban mutane shi ma zai yi musun saninsa a gaban Ubansa. Na ce Kirista na gaske ba ya ja da baya ko da wuƙa na wuyansa. Ina tsakiyar magana wani dattijo mai kimanin shekara hamsin ya miƙe, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya fita. Kwana uku bai zo karɓar rabonsa ba.

Fasto ya kira ni bayan ofishin. Ya ce, “Ɗana, ka san mutumin da ya tashi rannan?” Na ce, “A'a, Baba.” Ya ce, “An tare su a hanya, shi da 'ya'yansa maza biyu da maƙwabcinsa. Aka ce ko su bar addininsu ko a yanka su. Shi ya faɗi abin da aka ce ya faɗa, ya sa yaran ma suka faɗa. Maƙwabcin ya ƙi, aka kashe shi suna kallo. Matar maƙwabcin ita ce mai zama kusa da famfo ɗin can. Kullum sai ya gan ta.” Ya yi shiru, sannan ya ce, “Abin da ka karanta yana cikin Littafi, ban ce babu ba. Amma jiki magayi. Kai ba ka ga wuƙar ba, shi ya gani. Ka koma ka karanta abin da Ubangiji ya yi da Bitrus, sa'an nan ka zo mu yi magana.”

Daren nan ban yi barci ba. Na karanta Yahaya 21 kamar ban taɓa ganinta ba. Bitrus ya yi musun sanin Yesu sau uku, kuma ba wuƙa aka sa masa ba, tambayar wata baiwa ce ta fara kayar da shi. Da Yesu ya tashi daga matattu ya same shi a bakin teku, bai fara da tuhuma ba. Wuta ya hura, ga kifi ga gurasa, ya ce su zo su ci. Sai da suka ƙoshi ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa, sau uku, ya kuma mayar masa da aikin kiwon tumaki. Wannan mutumin ne daga baya ya rubuta wa masu shan tsanani cewa kada su ji kunya in sun sha wahala a kan su Kirista ne.

Da na koma makaranta na tarar ashe ikkilisiya ta daɗe da yin wannan muhawara, a ƙasar Afirka ma. A shekara ta 250 Sarkin Roma Desiyus ya ba da umarni kowa ya miƙa hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida. A Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yanzu, Kiristoci da yawa suka miƙa, wasu suka sayi takardar da kuɗi ba su miƙa ba. Da ƙura ta lafa suka dawo suna ƙwanƙwasa ƙofa. Wasu suka ce a buɗe nan take ba wata magana. Wani firist mai suna Novatiyan da mutanensa a Roma suka ce ƙofa ta rufu har abada. Bishop Sifiriyan na Kartaj da taron da ya kira a 251 suka bi hanya ta uku: a duba kowa da halin da ya shiga, a ba shi lokacin tuba, a karɓe shi. Shi kansa Sifiriyan ɓuya ya yi a lokacin Desiyus, har aka yi masa gori a kai, amma a 258 da aka kama shi bai ja da baya ba, aka sare kansa. Mun yi wannan darasi a aji na biyu, na ɗauka tarihi ne kawai na cin jarrabawa. Ban san zan ga mutanen Kartaj a layin masara a Yola ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba ina rage darajar waɗanda suka tsaya ba ne. Leah Sharibu, wadda aka sace a Dapchi ranar 19 ga Fabrairu 2018 aka kuma riƙe ta bayan an sako 'yan'uwanta saboda ta ƙi barin bangaskiyarta, ta fi ni nesa ba kusa ba. Rabaran Lawan Andimi na Michika, wanda aka kama aka kashe a Janairun 2020, ya yi magana a faifan bidiyo yana hannun masu kisansa, babu zagi babu ƙiyayya, yana miƙa al'amarinsa ga Allah. Duk ranar da na tuna shi sai jikina ya yi sanyi. Abin da nake cewa shi ne, mun iya yabon wanda ya mutu, amma ba mu iya zama da wanda ya rayu ba. Kuma waɗanda suka rayu su ne suka fi yawa: wanda ya gudu, wanda ya faɗi abin da bai yarda da shi ba, yarinyar da ta dawo daga daji da goyo a baya mutane suna nuna ɗan da baki. In ikkilisiya ba ta da wurin zama dominsu, to wa'azinta a kan tsanani rabi ne.

Batun gudu ba shi da wahala, ko da yake na ga masu jin kunyarsa. Yesu da kansa ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan. An zura Bulus cikin kwando ta katangar Dimashƙu. Shugabannin EYN ma Jos suka koma suka ci gaba da aiki daga can har hanya ta buɗe.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kalmar haƙuri. Mukan faɗe ta da sauri, tun gawa ba ta yi sanyi ba. Wata mama da aka kashe mata miji da ɗan fari ta taɓa ce mini, “Malam, kowa sai ya ce in yafe. Zan yafe, amma ku bar ni in yi kukana tukuna.” Gaskiya ta faɗa. Ayyukan Manzanni 8 ta ce masu tsoron Allah sun binne Istifanas suka yi masa makoki mai yawa. Zabura ta 13 tambayar “har yaushe” take maimaita wa Allah, kuma ba a cire ta daga Littafi ba. Tun daga ranar na daina gaggawar rufe bakin mai kuka da aya. Nakan zauna, in an kawo ruwa in miƙa, in bar addu'a sai an nema.

Haka kuma haƙuri ba ya nufin a haɗiye zalunci a yi shiru. Da wani dogari ya mari Yesu a gaban babban firist, ya tambaye shi dalilin marin. A Filibi, bayan an yi wa Bulus da Sila bulala an kulle su ba shari'a, da aka aiko a sallame su a ɓoye Bulus ya ce sam, mahukuntan su zo da kansu su fitar da su. Daga baya ya ɗaukaka ƙara har gaban Kaisar. Saboda haka Kiristan da ya rubuta sunayen waɗanda aka kashe a ƙauyensa, ya kai ƙara kotu, ya tambayi gwamnati ina jami'an tsaro suke a daren da aka zo, bai kauce wa bishara ba. Littafin sunayen nan da nake rubutawa, wanda na ɗauka aikin akawu ne, daga baya na gane shi ma shaida ne.

Inda na ja layi, kuma ba zan goge ba, shi ne ramuwa. Na ji samari a harabar nan suna cewa kumatu biyu gare mu kuma an mari duka biyun. Na fahimci zafin. Ni ba ɗan EYN ba ne, kuma ban kai su ƙin ɗaukar makami da aka san su da shi ba, domin a ganina matasan da suka kwana suna gadin ƙauyensu ba su yi laifi ba. Amma gadi dabam, farautar wanda bai san hawa ba bai san sauka ba dabam. Ana cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi, ni kuwa abin da na gani shi ne kusan kullum a kan marar laifi take sauka: mai shayi, direba, almajiri, matafiyi. Ranar 14 ga Agusta 2021 an tare matafiya Musulmi a hanyar Rukuba a Jos aka kashe sama da 20. Ko wace irin ɓarna aka yi kafin ranar, babu ayar da za ta wanke wannan, kuma duk faston da ya kasa faɗin haka a kan bagadi ya ci amanar Romawa 12, wadda ta hana ramuwa.

Wannan ya fi sauƙin riƙewa ga wanda ya ga abin da na gani. A layin masararmu akwai Musulmi daga Mubi da Madagali, su ma an ƙone musu gidaje. Muna cikin wannan aiki ne aka tayar da bama-bamai a babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba 2014, mutane fiye da 100 suka mutu. A Yunin 2018 Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a Barikin Ladi ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa, ya fita ya tari maharan da kansa. Bishop Stephen Mamza na Yola kuwa, da ya gina wa 'yan gudun hijira gidaje a Sangere-Marghi, har masallaci ya gina wa Musulmin cikinsu. Wanda ya san waɗannan ba zai iya cewa kowane mai salla maƙiyinsa ne ba.

Dattijon nan da ya fita daga wa'azina, na je na same shi a bayan katanga inda yake kwana, na durƙusa na ce, “Baba, na yi maka laifi, ka yafe mini.” Bai ce komai ba, amma ya karɓi buhun da na kawo. Maganarsa ta je gaban dattawan ikkilisiya, kuma ba su haɗu a baki ɗaya ba. Wasu suka ce a sake yi masa baftisma, wasu suka ce tilas aka yi masa don haka babu laifi sam. Shi da kansa ya ce yana so a sa shi a horo, domin zuciyarsa ba ta ba shi ya miƙa hannu ga Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a teburin majami'a don tunawa da mutuwar Yesu. Aka bar shi yana zama a bencin baya wata huɗu.

Kafin a karɓe shi fasto ya je wurin matar maƙwabcin ya tambaye ta. Ta ce har yanzu ba ta iya kallon fuskarsa, domin in ta gan shi mijinta take gani a ƙasa, amma ba ita ce mai teburin ba, kada a hana shi saboda ita. Ranar Ista, 5 ga Afrilu 2015, ya ci Jibin. Ita tana gefen 'yan Zumuntar Mata, ba ta ɗaga kai ba, ba ta kuma fita ba. Ƙaramin ɗansa ya zauna kusa da shi. Babban bai shiga majami'a ba ranar, kuma har suka hau mota suka koma ƙauyensu da damina ban ga ya shiga ba.